Motar Mas'ud Ta Zama Ta Mutanen Pauwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro Malam Yahuza, mai girma dagaci, malam liman, shugabannin kanikawan Ƙanƙara, iyayenmu mata da jama'ar Pauwa baki ɗaya, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka baro gonakinku kuka zo.

Ni ne Gide, mahaifin marigayi Mas'ud, kuma magana biyu ce ke tafe da ni.

Ta farko, jar motar nan da ke gabanku tasa ce, da yawanku ma kun san ƙararta kafin ku san mai ita. Ya sa mata turbo, na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙarin ƙarfi. Sai dai iskar da aka matsa zafi take ɗauka, da rana ta take sai injin ya kama ƙwanƙwasa, ƙarfin ya zube. Shi ya sa ya sayo intakula daga Kano, wani abu mai kama da lagireto da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji. Ranar da ya kawo ta, har zaure ya same ni ya zauna yana ta yi mini bayani. Ban gane rabi ba, amma ban katse shi ba, domin daɗin muryarsa nake ji. Bai kai ga ɗaurawa ba ciwo ya kwantar da shi.

A gadon asibiti ya ce mini, "Baba, kar a sai da ita. Matan Pauwa na shan wuya kan babur in haihuwa ta zo."

Ta biyu, godiya ce ga amininsa Adnan, wanda ya kwance bambar gaban motar, ya ja tiyon iska, ya ƙarasa aikin ɗaura intakular, sannan ya ƙi tada injin sai da aka kira ni na murɗa makullin da hannuna. Makon jiya, cikin tsakar rana, motar ta kai Hafiza matar Almu asibitin Ƙanƙara tana naƙuda, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ga ta can da ɗiyarta a goye. Mahaifiyar Mas'ud kuwa, wadda tun rasuwarsa ba ta iya kallon motar nan, yau da safe ita ta ce a gaba za ta zauna.

Mai girma dagaci, ga makulli. Allah ya jiƙan Mas'ud, Allah ya tsare duk wanda za ta ɗauka, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.