Doki Ɗari Huɗun da Suka Ɓace Kafin Liwa

Khalfan: Alo? Salamu alaikum.

Suhail: Wa alaikumus salam. Abu Saif, barka da yamma.

Khalfan: A'a! Suhail ƙanena! Yau an tuna da mu ke nan? Barka kadai. Ya gida, ya Shamma da yara?

Suhail: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gareji?

Khalfan: Da godiya. Ya Umma, ya ƙafar tata?

Suhail: Da sauƙi. Ya Afra?

Khalfan: Yayarka tana nan ƙalau, sai mitar ba ka leƙo mu ba tun da aka dawo daga gasar hawan tudun yashi ta Liwa. Ta ce in gaya maka gidan miji ta zo, ba ƙasar waje ta tafi ba. Ya gajiyar tafiya?

Suhail: Gajiya ta bi lafiya.

Khalfan: Madalla. Ya haƙuri kuma? Kar ka sa abin nan a ranka, don Allah. Tudu dai yana nan, ba inda za shi, baɗi ma... Kai! Ku kashe injin nan, waya nake yi! Yi haƙuri, mutanen nan ba sa ji. Kana ina ne nake jin iska haka?

Suhail: Ina hanya. Daga Al'ain nake.

Khalfan: Ajman? Ka shigo Ajman ba ka biyo gareji ka sha gahawa ba?

Suhail: Al'ain na ce. Al-Ain!

Khalfan: Oho. Gonar kawu ka je? Raƙumar nan tasa ta haihu?

Suhail: Ba gona na je ba. Janwe ce a gabana ɗauke da motar tserena Patrol, ni ina binta a baya.

Khalfan: Patrol kuma? Me ya same ta? Ai ka ce za ka bar ta ta huta a rumfa.

Suhail: Wajen Abu Fadi na kai ta.

Khalfan: Wa?

Suhail: Abu Fadi. Mutumin Sham ɗin nan mai daino, injin awon mota, a bayan kasuwar tayoyi.

Khalfan: Alo? Muryarka tana yankewa. Wai me...

Suhail: Ka ji ni sarai, Abu Saif. Na ɗora ta a kan dainonsa, ya auna ƙarfinta.

Khalfan: Haba Suhail. Motar da na gina da hannuna ka kai wa wani ya taɓa? Da ka ce kana son awo ai sai ka kawo ta nan, ko kwabo ba...

Suhail: Ƙarfin doki nawa ta bayar a wajenka?

Khalfan: Kai ma kana tsaye ai.

Suhail: Faɗa mini dai, ina son in ji daga bakinka.

Khalfan: Dubu ɗaya da ɗari da hamsin, a taya. Daga ɗari shida da ashirin muka taso da ita. Duk unguwar garejojin Sana'iyya an ji ƙararta ranar.

Suhail: Haka ne. Ka rungume ni, ka sumbaci goshina, ka aika aka kawo harisa da luƙaimat muka ci a kan bonet. Na sa bidiyon a intanet, mutane suka yi ta kira har daga Kuwait. To yau ɗari bakwai da hamsin ta bayar.

Khalfan: Ɗari nawa?

Suhail: Bakwai da hamsin.

Khalfan: Tara da hamsin? To ai wannan ba wani...

Suhail: Bakwai! Bakwai, Khalfan! Doki ɗari huɗu sun ɓace tsakanin garejinka da Liwa. Ina suka shiga?

Khalfan: Kwantar da hankalinka. Kai ma ka san daino da daino ba sa zama ɗaya. Na Abu Fadi tsoho ne, rowar lamba gare shi, kowa ya sani.

Suhail: Rowar doki talatin na sani, ko hamsin. Ban taɓa jin rowar ɗari huɗu ba.

Khalfan: To yashi fa? Ta sha yashi a Liwa, matatar iska ta toshe.

Suhail: Sabuwa ya saka a gabana.

Khalfan: Kuloci ke nan yake zamewa.

Suhail: Ya duba. Lafiyarsa lau.

Khalfan: Man fa? In ba man tsere ka zuba ba...

Suhail: Durom ɗin da ka ba ni ne, da tambarin garejinka a jiki. Ka gama? Don Abu Fadi bai tsaya nan ba. Ya jona kwamfutarsa da ta motar, ya kira ni ya ce zo ka gani. An shaƙe iskar turbo, kusan rabi aka yanke. An ja wuta baya. Ya ce wannan ba lalacewa ba ce, saiti ne, kuma mai hannu mai kyau ne ya yi shi, don motar za ta yi ƙara kamar da, ta yi wuta a salansa kamar da, amma ba za ta ja ba. Ya tambaye ni wa ke da lambar buɗe kwamfutar.

Khalfan: Suhail...

Suhail: Wa ke da lambar?

Khalfan: Bari mu haɗu. Ka wuce da ita nan, mu zauna a ofis, ba maganar waya ba ce.

Suhail: Wa ke da lambar, Khalfan?

Khalfan: Ni ne.

Suhail: Alo? Ban ji ba, wata babbar mota ta wuce.

Khalfan: Na ce ni ne! Ni na sauya saitin. Bayan an gama awo, kafin a ɗora ta zuwa Liwa.

Suhail: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Khalfan: Ka saurare ni tukuna.

Suhail: Duk zafin bazarar nan ina garejinka. Fistin muka narkar, muka sake, muka kuma narkarwa. Hutuna na shekara a ƙarƙashin motar nan na cinye shi. Ka san ba don kofi nake yi ba. Motar marigayi yayana, Yaya Matar, ce. Ya rasu bai kai ta ƙolin tudun nan ba, na ce ni zan kai masa ita. A gabanka na faɗa, ka ce amin.

Khalfan: Umma ce ta zo.

Suhail: Wace Umma?

Khalfan: Ummarku. Har gareji. Tsohuwar da ko kasuwa ba ta zuwa saboda ƙafa, ta tako cikin baƙin mai da ƙarafa da sandarta. Ta ƙi zama. Ta ce, Khalfan, kai ka gina motar da ta kife da ɗana Matar a yashi, yanzu ka sake gina ta ka ninka mata ƙarfi ka ba wa wanda ya rage mini. Ta ce ta binne ɗaya, in ta binne na biyu ni za ta nuna a gaban Allah. Me kake so in ce mata? Surukata ce. Kuka take yi, ma'aikatana suna kallo.

Suhail: Sai ka kira ni. Sai ka ce, Suhail, ba zan ba ka motar nan haka ba. Mu yi faɗa, in zage ka, ka zage ni.

Khalfan: Da ka ɗauke ta ka kai wa wani ya buɗe maka ita duka. Na san halinka.

Suhail: Wa ya kai Umma garejin? Ba ta tuƙi.

Khalfan: Wannan ba shi ne...

Suhail: Afra?

Khalfan: Afra tana wurin.

Suhail: Afra ba ta san hanyar Sana'iyya ba, kullum sai ta ɓata. Wa ya tuƙa?

Khalfan: Shamma.

Suhail: Matata.

Khalfan: Tsoro take ji, Suhail. 'Ya'yanku ƙanana ne.

Suhail: Ita ta turara mini rigar tsere da safen nan. Ta ce in je in kawo mata ƙolin tudu. Tana murmushi ta faɗa.

Khalfan: Don Allah kar ka je gida da wannan fushin. Ni ka kama, ni na taɓa motar.

Suhail: Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba dariyar mutane ba ce. Na ji mai lasifika yana cewa a kawo wa Patrol tsani, na ga samari suna ɗauka da waya lokacin da na tsaya a rabin tudu ina tono yashi kamar kaza. Wannan duk zai wuce. Amma da na sauko na ce maka motar ta yi nauyi, ba ta ja a giya ta uku. Me ka ce mini?

Khalfan: Ban tuna ba.

Suhail: Ka tuna. Ka dafa kafaɗata ka ce mota lafiyarta lau, ni ne na ɗaga ƙafa daga totur. Ka ce ba laifi ba ne, duk wanda ya rasa ɗan uwa a yashi ƙafarsa takan yi rawa ba tare da ya sani ba.

Khalfan: Dole in faɗi wani abu.

Suhail: Na yarda da kai! Tun ranar nake zargin ƙafata. Ina tuƙi zuwa aiki ina kallonta kamar ba tawa ba. Na je kabarin Yaya na ba shi haƙuri, na ce ƙaninka matsoraci ne. Ku kuma kuna zaune kuna cin shinkafar machbus da ni ranar Juma'a, kowa yana ce mini sannu.

Khalfan: Wallahi ban yi barcin kirki ba tun lokacin.

Suhail: Allah sarki. Sannu da rashin barci.

Khalfan: Kana da rai dai. Ko me za ka ce, kana da rai, kana zagina a waya. Wannan ya ishe ni.

Suhail: Ko kuma duk labarin Umma rufa-rufa ne. Wa ya sani ko dubu da ɗari da hamsin ɗin ma ƙarya ce? Abu Fadi ya ce akwai masu yi wa daino wayo, su gaya wa kwamfuta zafin gari ya kai na tanda, ta ƙara musu lamba.

Khalfan: Kai, tsaya nan. Ni?

Suhail: Ƙila ba ka iya ba ne. Ka kasa fitar da ƙarfin, ka zana mini lamba a allo, ka ɓuya a bayan tsohuwa.

Khalfan: Ka zage ni a kan komai, amma ban da aikina! Tun kana makarantar firamare nake wannan sana'a. Lambar nan gaskiya ce, ko doki ɗaya ban ƙara ba!

Suhail: Wa zai shaida? Saitin da bai taɓa taka yashi ba?

Khalfan: Bai taɓa taka yashi ba? Saitin da ya haye tudun nan har ƙoli a gaban idonka, bai ko yi tari...

Suhail: Bari in tsaya a gefen hanya.

Khalfan: Alo? Suhail?

Suhail: A motar wa?

Khalfan: Ba haka nake nufi ba. Ina nufin irinsa, wato...

Suhail: Mota ɗaya ce ta kai ƙoli a ajinmu. Ta Ganim.

Khalfan: Layin nan ba shi da kyau, bari in sake kiran...

Suhail: Na tsaya a gefen hanya, layi garau yake. Ganim. Wanda ya ce a majalisa a mayar da motar Yaya ta ɗaukar ciyawar raƙuma. Shi ya sa da ya wuce na ji ƙararta na ce kamar na san muryar nan. Ashe tawa ce.

Khalfan: Injinku iri ɗaya ne, turbo iri ɗaya. Ya zo yana roƙo ana saura kwanaki. Saitin yana kwance a kwamfutata, kai ba za ka yi amfani da shi ba, shi ke nan sai ya mutu a banza?

Suhail: Ba zan yi amfani da shi ba? Ni na ce?

Khalfan: Gareji ya daɗe bai ga kofi ba, Suhail. Manyan motoci duk sun koma Sharja. Ina bukatar sunana a saman tudun nan ko a jikin motar wa.

Suhail: To shi Ganim ba shi da uwa? Ko tasa ba ta iya kuka ba?

Khalfan: Wannan daban.

Suhail: Daban ne mana. Ni ka cece ni, shi ka ba shi amfanin fistin ɗin da na narkar, da guminmu na bazara. Da Umma ba ta zo ba fa? Ko zuwanta ne ya zo maka daidai?

Khalfan: Ka ji tsoron Allah! Wallahi ita ta fara zuwa.

Suhail: Ta sani? Ta san inda dawakin ɗanta suka tafi?

Khalfan: Ba wanda ya sani. Ko Afra. Don girman Allah kar ka...

Suhail: Ba zan gaya musu ba. Kai za ka zauna da shi.

Khalfan: Kawo motar gobe. Zan mayar maka da saitin, in ƙara maka a kai ma. Akwai sabbin nozul na fesa mai da suka iso, za mu wuce dubu da ɗari biyu, ni da kaina zan...

Suhail: Yanzu kuma Umma ta daina binne 'ya'ya?

Khalfan: Suhail, me kake so in yi? Faɗa mini, zan yi.

Suhail: Janwe za ta zo ta kwashe tsohon injin da sauran kayana. Ka sa a haɗa su a bakin ƙofa. Sannan hoton Yaya Matar da ke bangon ofishinka, ka sauke shi ka ba direban.

Khalfan: A'a. Ban da wannan. Abokina ne tun muna yara, ni na ciro shi daga cikin motar nan da hannuna, ni na...

Suhail: Ka naɗe shi da kyau kar gilashin ya fashe.

Khalfan: Suhail, ka tsaya ka ji. Ƙanena. Alo? Alo, Suhail?