Ƙoƙon Gwiwar Masinja

A bencin jiran likitan ƙashi, wani masinja yana ta murza gwiwarsa. Mai jakar kayan aiki da ke gefensa ya dube shi.

"Faɗuwa ka yi, malam?"

"Ina ma! Likita ya ce ƙoƙon gwiwar ne ya kauce wa hanyarsa, ya karkace gefe yana gugar ƙashi. Ina taka matakala sai ya danne, gaban gwiwar ya ɗau wuta."

"To ka daina hawa mana."

"Kai, sannu da basira! Ofishinmu can ƙololuwar bene yake, lif ɗin da ke kai mu sama kuma ya mutu tun bara. Gwanin mai gyaran kullum yana jiran kaya. Allah ya saka masa daidai aikinsa."

"Ba laifinsa ba ne. Manajanku mai tabarau ɗin nan ne ya ƙi sa hannu a sayo kayan."

Masinja ya tsaya da murzar. "Yaushe na ce maka yana sa tabarau?"

Mutumin ya tura jakar ƙarƙashin benci da ƙafa, ya cije leɓe, ya dafe tasa gwiwar.

"Injin lif ɗin ma a saman benen yake," ya ce ƙasa-ƙasa.

Masinja ya gyara zama. "Ikon Allah! Ashe addu'a tana ci."