Lauyan da Ya Rubuta Dokar

A kan bencin ƙofar kotu na ji wannan zance, tsakanin wani tsohon makaniki da wata mata mai riƙe da sammaci. Ba su san juna ba.

"Baba, wancan mai baƙar rigar ba ɗan majalisa ba ne a da?"

"Shi ne. Shekara takwas ya yi, muka kayar da shi, ya koma aikin lauya. Yau ni zai kare."

"Me ka yi?"

"Garejina za a rushe. Wai doka ta hana sana'a kusa da titi."

"Ikon Allah! Ai an ce shi ya kawo dokar nan."

"Da hannunsa ya rubuta ta."

"Kuma duk garin nan ka rasa lauya sai shi?"

"'Yata, in inji ya gagare ni, wanda ya haɗa shi nake nema. Shi ya san notin da bai ɗaure ba."

"Ya yarda ya bar noti?"

"Da farko gardama ya yi. Ya rubuta mita talatin daga titi, alhali bai taɓa auna talatin da ƙafarsa ba. Na kai shi muka auna. Ta wuce garejin, ta ƙetare katanga, ta tsaya a tsakiyar ɗakin matata."

"Yanzu haka zai gaya wa alƙali, cewa kuskure ya yi a dokar?"

"Da bakinsa, a gaban jama'a. In girman kai ya hana shi, gobe ba ni da wurin aiki."

Matar ta daɗe tana duban sammacinta.

"Baba, in ya fito ka ce masa akwai wata mai shagon ɗinki. Nawa mita goma sha biyu ne."