Ta'aziyyar da ta hana ni rufe shagon huluna

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Allah ya ƙara miki lafiya, ke da masu sauraro baki ɗaya.

Ni dattijo ne mai sayar da hulunan Barno a Fagge. Bara ciniki ya ja baya, har na yanke shawarar rufe shago bayan Babbar Sallah. 'Yata Falmata ta sa ni cikin wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, ta ce, "Baba, hotuna za ka riƙa sakawa, ba doguwar gaisuwar nan taka ba." Na saka har na gaji, ko mai tayawa ban samu ba.

Wata safiya aka sanar a zauren cewa mahaifiyar Madam Ngozi, mai sayar da leshi a Kasuwar Sabon Gari, ta rasu. Kowa ya tura ɗan hoton hannuwa na addu'a. Ni kuwa ban iya irin wannan ta'aziyya ba. Na sa babbar riga, na yi tambayar gidanta, na je. Da na faɗi sunana sai ta ce, "Alhaji, duk zauren nan kai kaɗai ka tako!"

Allah ya sani ban ambaci hula ba. Amma tun da ta koma kasuwa, duk masu bikin da suka sayi leshinta sai ta ce musu, "Hular ango fa? Ku je wurin Babana a Fagge." Sallah ta wuce, shago yana nan a buɗe.

Ina gaida Madam Ngozi, da Falmata, wadda yanzu ita ke tuna mini idan an yi haihuwa ko rashi a zauren.

Alhaji Bukar, Fagge.