Gawon Gonar Maigidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Sunana Rabi, daga wani ƙauye kusa da Baure.

Ana farkon shuka maigidana ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu gonar kowa ta yi kore shar, tamu kuwa ciyawa ta cinye, sai tsohon gawo a tsakiya, babu ko ganye ɗaya. Kun san halin gawo. Da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi, bishiyoyi sun kaɗe, shi kuma ya yi kore. Malamin gona ya ce saiwarsa ce ke kaiwa ga ruwan can ƙasa.

Jiya masu itace suka zo sayensa, ga magani ya ƙare. Na shiga na gaya wa maigidan. Da ƙyar ya iya cewa, "Rabi, a bar shi. Bai mutu ba, lokacinsa ne daban."

Na sallame su. Amma Malam, gawo ya san watan da ganyensa zai dawo. Mu likita bai faɗa mana watan da maigidan zai warke ba.

Masu sauraro, in sun dawo, me zan ce musu?