Jinin Ƙane

Ranar da na mayar da ragowar magungunan marigayi mijina asibiti, na zauna a benci bakin ɗakin gwaji. A gefena akwai wani direba da wata dattijuwa, ba su san juna ba.

"Ɗana, za ka yaga takardar nan da murza. Me ta ce?"

"Wai kumburi ya yi yawa a jini, Mama. Tun da na samu bugun zuciya, likita ya ce wannan gwajin ke nuna masa ko akwai haɗarin ya sake. In lambar ta yi ƙasa, in koma tuƙi."

"Ta yi sama ke nan. To ka huta mana."

Ya rage murya. "Ba jinina ba ne."

"Na wane ne?"

"Na ƙanena. Muna kama sosai. Na ba shi katina, ya miƙa hannu aka ɗibi jininsa. Ƙato ne, ko ciwon kai ba ya yi."

"Oho! Ka ɗauko mai lafiya ya rubuta maka jarrabawa, ya faɗi."

"Mama, ba abin dariya ba ne."

"Ka ga haƙorina? Naka jinin fa, me ya ce?"

"Ban bari an ɗiba ba."

"Madalla. Da majinyaci ɗaya gare ku, yanzu ka samo na biyu. Kira shi ya zo likita ya gan shi. Yana ina?"

Direban ya sake duba takardar.

"Yana kan hanya da fasinja. Shi ke riƙe mini motar."