Nonon Gbalahi da Ɗinkin Yakubu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce maman Yakubu, daga Kaladan.

Ɗana ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, yana ɓoye mini, wai basir ne. Kunyar banza! A asibiti aka ce kansar dubura ce. Likita ya taɓa damtsensa da yunwar bara ta tsotse, ya ce, "Hajiya, in na yi masa aiki a haka, ɗinkin hanjin zai iya warwarewa kamar zare a tsohon zani. Ki ciyar da shi tukuna."

Da me? Masara ma sai labari. Da rana nakan zauna gindin mangwaro, ido a lumshe, in ga fararen shanu suna shiga ɗakinsa a hankali kamar gajimare. Sai ga Inna Hajo mai tallan nono daga Gbalahi. Kullum ta sauke ƙwarya ta ce, "Sha, ɗan nan, ka yi nama."

An yi aikin, ɗinki ya kama.

Samari, ku daina ɓoye jini. A gaishe mini da Inna Hajo. Ashe shanun da nake gani nata ne.